Haɓɓanayen Kamfani

Lukuman bai taɓa zuwa ruga da goro ba sai ranar da ya zo neman shanun uwarsa. Ya kafe babur ɗinsa a gindin kirya, ya shigo da ƙunshin goro a hannu, ƙanin marigayi mahaifinsa, Baffa Sule, na biye da shi. Inna Zulai na ganinsu ta juya musu kafaɗa ta ci gaba da wanke ƙorenta. Ba fushi ba ne. Lukuman ɗan fari ne, kuma a rugarsu ta bayan Kambaza uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallon idonsa, in magana ta kama sai a bi ta bakin wani. Tun yana goye take ce masa "wancan". Da ya girma ya buɗe gidan kallon bidiyo a Kalgo, sai ya zama "na Kalgo".

Farkon daminar 1995 ne, ciyawa ta fara kai ƙauri, shanu sun fara sheƙi.

"Baffa, ka gaya ma Inna," in ji Lukuman, "wani sabon kamfani na anka buɗe can ƙasar waje. Samari na, masu ilimin na'ura. Sun ƙera wani ɗan abu da ka matse hoton bidiyo, abin da ka cika kaset guda shi shige cikin faifai ɗan ƙarami. Nan da shekara biyu kowane gida sai ya saye."

Inna Zulai ta dubi faifan da ke rufe da ƙwaryar nononta. Ta ce wa Sule, "In faifai suka so, ina da biyu da ban aiki da su. Shi kai musu."

Suka yi dariya har Sule na share ƙwalla. Lukuman ya sake jan bayani, ya kawo maganar hannun jari, ya kawo ta dillali a Legas, ya kawo ta riba. Duk a banza, tsohuwa sai cuɗa ƙwarya take yi. Can ya sosa ƙeya, sannan ya lalubo kalmar da ya san ba za ta wuce kunnenta ba.

"Baffa, ce mata kamar haɓɓanaye na."

Hannunta ya tsaya cak a cikin ruwa.

Duk wanda ya tashi a ruga ya san haɓɓanaye. In garken mutum ya ƙare, ko yaro ya tashi ba shi da ko ɗaya, sai mai hali ya ɗaura masa saniya aro. Ya yi kiwonta, ya sha nononta, ta haihu sau uku, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar wa mai ita da abarsa. Saniyar haɓɓanaye ba a dukanta, ba a yanka ta, ba a kai ta kasuwa ko yunwa za ta kashe gida. Lukuman ya san wannan sarai. Da nonon rugar nan aka raine shi, ba daga mota ya faɗo ba.

"Mabuƙata na?" Inna Zulai ta tambayi Sule.

"Sabbin tashi na, Inna. Ba su da kome sai basira."

"Suna da ruwa da ciyawa?"

Nan Lukuman ya dubi ƙasa. Sule ne ya amsa, yana ɓare goro, "Wa ka tambayar ruwa ga fadamar Kalgo?"

"Za su dawo?"

"Har da ƙari," in ji Lukuman da sauri.

"Haɓɓanaye ba a biɗar ƙari. Shi ɗauki biyu."

Shanunta takwas ne, na sadakinta da na gadon ubanta da abin da suka haifa, suna kiwo cikin garken Sule. Da su take ci, da su take sha, da su take sayen zane da sabulu tun rasuwar mijinta. Ranar kasuwar Gwandu ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi tallan nono. Da ta dawo da la'asar ta tarar da sawun babbar mota a bakin garke, da igiyar maruƙa a kwance ba maraƙi ko ɗaya. Har Wule mai farin goshi, wadda ke ɗauke da ciki wata biyar, an tafi da ita.

"Biyu nic ce," ta ce wa Sule.

"Awo, biyu kinka ce. To amma da anka ɗauki uwa ɗiya sunka kama kuka, da anka ɗauki ɗiya sauran sunka bi. Shanunki ba su saba rabuwa ba, Zulai. Ai tausai munka ji."

Tausayi. Haka ya ce, bai ko ƙifta ido ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne har wani ɗan alfahari ta riƙa ji. In matan ruga suka tambaye ta a bakin rijiya, sai ta ce shanunta sun tafi haɓɓanaye wurin wasu bayin Allah, su kuwa su jinjina kai su ce ai Zulai dama hannunta a buɗe yake. Da farko ta riƙa sarin nono wurin maƙwabta tana kaiwa Gwandu, abin da ke saura bai kai na gishiri ba. Daga nan wata ta koya mata dama madarar gari a bar ta ta kwana ta yi tsami. Kwana uku ta yi tana wannan sana'a. A na huɗu wani tela da ya shekara goma yana shan furarta ya kurɓa, ya ajiye ludayi, ya ce, "Goggo, yau kuma naggen gwangwani anka tatsa?" 'Yan rumfa suka fashe da dariya. Ba ta sake ɗaukar ƙwarya zuwa Gwandu ba.

Lukuman yakan aiko da tiya biyu na gero ta hannun direba, wata ya zo, wata ya tsallake. Ta koma yi wa mutane sussuka da surfe ana ba ta dusa da ɗan tsaba. Amma a ranta tana bin watanni. Ta san lokacin da Wule za ta haihu, ta san lokacin da maraƙin zai fara bin uwarsa kiwo. Da kaka ta yi, aka ɗaure gero, sai ta tara abin da ta samu ta sayi kanwa ƙulli guda. Al'ada ce mai saniya ya je ya gano abarsa, ya gaishe da masu riƙo. Ta shiga mota zuwa Birnin Kebbi, ta sake wata zuwa Kalgo, kanwar na kan cinyarta.

Rahmatu matar Lukuman ta tarbe ta da ruwa da tabarma, ta durƙusa ta gaishe ta. Da aka gama gaisuwa Inna Zulai ta ce, "Ɗiyata, wa za shi raka ni garken? Ina so in kai musu kanwa tun rana ba ta yi ba."

"Wane garke, Inna?"

"Na masu haɓɓanaye."

Rahmatu ta miƙe da sauri. Ta ce bari ta duba tukunya, alhali ko wuta ba ta hura ba.

Ba a jima ba Lukuman ya shigo tare da abokinsa Ɗanjuma, wanda ke kai da kawo tsakanin Kalgo da dillalin Legas. Ɗanjuma mutum ne mai fara'a da sakin baki, kuma ba wanda ya gaya masa da wace kalma aka karɓi shanun. Ya zube gaban tsohuwa yana washe haƙora.

"Inna, ashe ke ce uwar jarin. Wallahi shanunki sun yi albarka. Ni na raka su har Legas, ko sauke su ba a gama ba mahauta suka yi musu ca. Akwai wata mai farin goshi, har faɗa aka yi a kanta."

Lukuman ya taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita.

Inna Zulai ba ta yi kuka ba. Ta dubi bango ta ce, "Tana da ciki."

Ɗanjuma ya ga ya yi ɓarna, sai ya shiga gyara. Ya zaro wani ɗan baƙin abu daga aljihu, bai fi dunƙulen magi ba, da ƙananan ƙafafu jere a gefensa, ya ɗora mata a tafin hannu. Ya ce wannan shi ne abin da kamfanin ke ƙerawa, shi ke matse hoto, kuma masu haɗa na'urar faifai a ƙasashen gabas layi suke yi a kansa. Lukuman ya shiga ɗaki ya fito da takarda mai ado a gefe, a cikin leda. Ya ce darajarta ta ninka tun damina. Kuma ba ƙarya yake ba, nan ne abin ya fi muni. Da kamfanin ya karye, da ko jaje an yi wa tsohuwa.

Ta juya ɗan baƙin abin a hannunta. Ba ɗumi, ba numfashi. Ta miƙa wa Rahmatu takardar ta ce, "Sunan wa ar rubuce?"

Rahmatu ta sunkuyar da kai. Amsar ke nan, sunan Lukuman ne.

"Ki ce mishi," in ji Inna Zulai, "tunda ta ninka, shi saye min ko biyu. Ban ce takwas ba. Biyu masu nono."

"Inna, yanzu shika hawa," Lukuman ya amsa, yana magana a hankali kamar mai lallashin yaro. "Wanda yas saida yanzu, mahaukaci na. Ki yi haƙuri baɗi. Baɗi in saye miki garken da babu irinshi daga Kambaza har Maruda. Don wa nika wahalar ga in ba don ke ba?"

Ta tashi ta ɗaura gyalenta. Rahmatu ta roƙe ta ta kwana, ta ƙi. Kanwar a bakin ƙofa ta bar ta.

Ba ta gaya wa kowa a ruga ba. Da wane baki uwa za ta ce ɗan da ta haifa ya yi mata haka? Sule kaɗai ta tara, a bayan rumbu, inda yake goge wani sabon keke da ba a san lokacin da ya saya ba.

"Ka sani," ta ce.

"Na sani mi? Ɗanki na, Zulai, ba baƙo ba. In kinka mutu wa za shi gada? Abinshi yaɗ ɗauka da wuri, ya kai inda za shi yi yawa. Zamani ya sake. Shanu ciwo ka kashe su, ɓarayi ka kore su. Takarda kuwa ko ciyawa ba ta ci."

"Ni ina ci," in ji ta.

Sule ya ci gaba da goge kekensa.

Bazara ta zo da zafinta, aikin sussuka ya ƙare. Inna Zulai ta rame har zanenta na zagaye ta sau biyu, tari ya kama ta, ƙafafunta suka fara kumburi da yamma. Macen da ta yi shekara hamsin ba ta wayi gari babu nono a ƙwarya ba, yanzu sai ta ji ƙamshin man shanu daga bukkar wata ta kau da kai. Baɗin da aka yi mata alkawari ya zo, Lukuman ya aiko Sule da albishir wai jarin ya haihu, kowane hannu ɗaya ya zama biyu.

"In ya haihu, ina nonon?" ta tambaya.

Sule ya ce ita dai ba ta gane harkar ba.

Ruga ba ta da rufi, a hankali kowa ya fahimci shanun Zulai ba masu dawowa ba ne, ko da ba a san dalili ba. Wata safiya, bayan ruwan farko, sai ga Garba daga rugar tsallaken rafi yana jaye da karsana ja, cikinta ya fito sosai. Garba ba mai hali ba ne. Shekarar da ciwon bushiya ya share garkuna, shi ko igiya bai tsira da ita ba, Inna Zulai ce ta ɗaura masa saniya, daga ita ya sake tashi. Ya durƙusa nesa kaɗan ya ce, "Goggo, jikanyar saniyar taki ta. Na kawo miki haɓɓanaye. Haihuwa uku, in Allah ya kai mu."

A nan ne ta yi kukan da ba ta yi a Kalgo ba. Ta shafa wuyan karsanar, ta shafa cikinta, ta ji ɗan yana motsi. Ba ta sa ta cikin garken Sule ba. A bayan bukkarta ta kafa mata turke, da kanta take yanko mata ciyawa tana hutawa sau uku kafin ta iso. Har tarin ya yi sauƙi. Ta fito da ƙorenta ta wanke ta kife, saura kwanaki kaɗan a fara tatsa.

Ranar wata Laraba da hantsi ta ji ƙarar babur. Lukuman ne, da ƙunshin goro a hannu.

Suka zauna da Sule a inuwa, suna magana da ƙarfi yadda za ta ji. Kamfani ya buɗe wa tsofaffin masu jari ƙofa su ƙara saye da rahusa, kuma ƙarshen wata za a rufe. Lukuman ya sayar da tsohon injin wutarsa, ya sayar da kujerun gidan kallo rabi, bai isa ba. Yana cikin magana ya miƙe, ya zagaya bayan bukka. Inna Zulai na kallonsa ta wutsiyar ido. Ya zagaye karsanar sau biyu, ya danna ƙugunta da yatsa, ya ɗaga leɓenta ya duba haƙora.

"Ta Garba ta," in ji Sule, ba da wani ƙarfi ba.

"Na sani. Ai ba ci za mu yi ba, Baffa. Juyawa za mu yi. Baɗi mu maida mishi biyu, shi yi ta godiya. Shi ma kamar haɓɓanaye na."

Sule ya yi 'yar dariya ya ɓare goro. Lukuman ya dawo ya tsaya daga bayan uwarsa, ya tausasa murya.

"Baffa, tambaye min Inna, gobe tana zuwa Gwandu? In ba ta kuɗin mota ta tahi asibiti a duba tarin ga."

Tun bazara take tari, sai yau ya ji.

Ta ce Allah ya kai mu. Ta jira har suka tafi masallacin Kambaza sallar azahar, sannan ta kwance karsanar. Tafiyar da ba ta fi ta rabin sa'a ba, sai da ta kai ta kusan la'asar, tana tsayawa tana dafa bayan dabbar tana mayar da numfashi. Ta san abin da take shirin yi. A ruga, mayar da haɓɓanaye kafin ta haihu zagi ne. Ma'anarsa ko saniyar na da aibi, ko mai ita ne ba a son alherinsa.

Garba na gyaran shinge ya hango su. Sandar hannunsa ta faɗi.

"Goggo, lahiya? Ciwo ta ka yi?"

"Lahiyarta lau. Na maido ma abinka."

"Mi niy yi miki?"

"Ba ka yi min kome ba."

"Naggen na da aibi?"

"Ba ta da."

"To ni ad da shi ke nan."

Matarsa Ladi ta fito tana goge hannu, wasu mata biyu suka leƙo ta kan zana. Kalma ɗaya ce za ta wanke Inna Zulai, ta ce ɗanta ne zai kai amanar mutane kasuwa. Ta miƙa wa Garba igiyar ta ce, "Ƙarfina ya ƙare, ban iya kiwonta." Ta juya. Tana ji Ladi na cewa, ba a ɓoye ba, "Wanda yas saba bayarwa, karɓa ka yi mishi nauyi. Mu talakawa mun yi karambani."

Da ta iso gida, ƙaramar mota a-kori-kura na tsaye a bakin garke, an sauke ƙofar baya. Ashe ba su ma iya jiran goben ba. Lukuman na tsaye kan turken da ba kome, fuskarsa ta haɗe.

"Baffa, tambaye ta ina naggen."

Inna Zulai ta zauna a kan turmi, don ƙafafunta sun gama. Ta ce wa Sule, "Ce mishi ta koma gida. Haɓɓanaye komawa ta kan yi."

Lukuman ya daɗe yana huci. Ya ce ta jawo masa asarar da ba za ta iya ganewa ba, ya ce shi yana ta ƙoƙarin fitar da gidan nan daga bin wutsiyar shanu ana ja masa ƙafa. Da zai hau babur ya waiwayo ya ce wa Sule, tunda tana da masu ba ta kyautar da har take mayarwa, kada a sake aiko masa da maganar gero. Sule ya ce gaskiya Zulai ba ta kyauta ba, yaro na neman na kansa.

Bayan kwana tara karsanar ta haihu a gidan Garba, ta haifi mace. Ba a aiko wa Inna Zulai ba, a bakin rijiya ta tsinci labarin, kuma tana isowa matan suka sauya magana. Duk rugagen da ke tsakanin Kambaza da Gwandu an ji cewa Zulai ta mayar da haɓɓanaye da ciki, kuma ba mai sake jawo saniyarsa ya kai inda za a watsa masa ƙasa a ido. A Kalgo kuwa, Lukuman ya zama abin misali. Manya na kiransa gefe su tambaye shi yadda ake sayen hannun jari, ana cewa ga ɗan Fulanin da ya waye, ya san inda duniya ta dosa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa da me ya fara, kuma da an tambaya zai ce da taimakon mahaifiyarsa, a ce Allah ya yi masa albarka.

Ranar da kamfani ya rufe ƙofar sayen rahusa, direba ya tsaya a bakin hanya ya aiko da saƙo daga Rahmatu, wai a gaya wa Inna ta ƙara haƙuri, takarda ta sake hawa. Inna Zulai ta ce madalla. Ta shiga bukka ta dama kunun dusa, ba nono, ta sha rabi ta ajiye rabi saboda gobe.